Daga Zanen Katun Zuwa 'Yan Wasa: Finafinan da Ake Yi Domin Mu da 'Ya'yanmu

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Na san akwai waɗanda suka ga kan maganar a takardar gayyata suka yi murmushi, suna cewa a ransu, duk abubuwan da ke damun jama'a ba a sami na tattaunawa ba sai katun? Ina roƙon su ba ni aron kunnuwansu na ɗan lokaci. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a yau babu abin da ya kai akwatin talabijin da wayar hannu yawan zama da 'ya'yanmu da jikokinmu. Duk wanda yake ba yaro labari kullum ya zama malaminsa, ko da ba a ba shi takardar ɗaukar aiki ba. Saboda haka ya kamata mu san wannan malami, mu san kuma abin da yake nema a gidajenmu.

Abin da Ake Nufi

Katun dai duk mun san shi, wato hotunan da ake zanawa ɗaya bayan ɗaya, a jera su, a haska su da sauri har ido ya ga kamar suna motsi. A silima hoto 24 ne ke wucewa a cikin daƙiƙa guda. Da yawa daga cikinmu da su muka tashi, irin su Tom and Jerry da Popeye da Voltron, a lokacin da gidan talabijin ba ya buɗewa sai da yamma, yaran unguwa kuma su taru a gidan da ke da akwatin. Abin da nake son mu duba yau shi ne wani reshe da ya tsiro daga jikin katun: a ɗauki labarin da aka saba gani a zane, a nemo mutane masu jini a jika su taka rawar, a yi fim mai tsawo na kasada da ban dariya wanda za a ce uba da uwa da 'ya'ya duk su zo su kalla tare.

Taƙaitaccen Tarihi

Ɗaya daga cikin manyan gwaji na farko shi ne Popeye, matuƙin jirgin ruwan nan da ƙarfinsa ke zuwa idan ya ci alayyafo. Wani mai zane a Amurka, E. C. Segar, ya fito da shi a jarida a 1929, ya shiga katun na silima a 1933. A 1980 darakta Robert Altman ya mayar da shi fim na mutane, Robin Williams ya fito a matsayin Popeye, aka ɗaura masa damatsan roba don ya yi kama da zanen. Don wannan fim kaɗai aka gina ƙauye guda na katako a bakin teku a tsibirin Malta. An gama fim, aka bar ƙauyen, ya zama wurin da masu yawon buɗe ido ke zuwa.

Amma kasuwar ba ta buɗe sosai ba sai a shekarun 1990. A 1994 aka fito da The Flintstones, labarin iyalin da ke zaune a zamanin da komai na dutse ne, har motarsu da ƙafa ake tura ta. Kamfanin Hanna-Barbera ne ya yi katun ɗin tsakanin 1960 da 1966. John Goodman ya hau matsayin maigidan, aka kashe wajen dala miliyan 46, fim ɗin ya kawo sama da miliyan 340, duk da cewa masu sharhin finafinai sun yi masa kaca-kaca. Daga nan 'yan kasuwar Holiwud suka gane inda romo yake. A 1995 aka yi Casper, labarin wata 'yar fatalwa mai son abota da mutane, wanda shi ne fim mai tsawo na farko da kwamfuta ta ƙera babban jaruminsa gaba ɗaya. A 1996 aka yi 101 Dalmatians, da Glenn Close a matsayin muguwar matar da ke farautar 'yan kwikwiyo don ta ɗinka riga da fatarsu. George of the Jungle ya biyo baya a 1997, Scooby-Doo a 2002, Garfield a 2004, The Smurfs a 2011. Faransawa ma ba su zauna ba, sun ɗauko Asterix da Obelix daga littattafan zane suka mayar da su fim na mutane a 1999, suka ƙara wani a 2002 wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Maroko.

Daga baya kamfanin Disney ya mayar da abin sana'a, yana bin tsofaffin katun ɗinsa yana sake su. The Jungle Book na 2016 ya kawo sama da dala miliyan 960. Aladdin na 2019 ya haura biliyan 1, The Lion King na wannan shekarar ya haura biliyan 1.6, Lilo & Stitch na 2025 shi ma ya wuce biliyan 1. Ba kullum ake kwana a gado ba, domin Snow White na 2025 bai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba. Duk da haka ribar da aka ci ta isa ta sa a ci gaba.

Wa Ake Nema da Waɗannan Finafinai?

A nan zan roƙi malamanmu na lissafi su duba mini aikina, kamar yadda suka saba da jan biro. The Flintstones, daga 1960 zuwa 1994, shekara 34. 101 Dalmatians, daga 1961 zuwa 1996, shekara 35. George of the Jungle, daga 1967 zuwa 1997, shekara 30. Scooby-Doo, daga 1969 zuwa 2002, shekara 33. Aladdin, daga 1992 zuwa 2019, shekara 27. The Lion King, daga 1994 zuwa 2019, shekara 25.

Me wannan lissafi ya nuna? Tazarar ta yi daidai da lokacin da yaro ɗan shekara 7 ko 8 yake buƙata ya girma, ya sami aiki, ya yi aure, ya haifi nasa ɗan. Yaro ba ya da kuɗin tikiti. Mai kuɗin shi ne uban da ya kalli katun ɗin yana ƙarami, wanda da ya ji sunan sai zuciyarsa ta karye, ya tuna kansa a zaune a kan tabarma. To, shi ake yi wa tarko, yaron kuwa rakiya ya yi. Sabon labari caca ne, sai an kashe kuɗi mai yawa kafin mutane su san da shi, amma sunan da aka riga aka sani ya gama tallar kansa shekara 30 da suka wuce. Bayan tikiti kuma ga 'yan tsana, ga riguna, ga jakunkunan makaranta masu hoton jarumin, waɗanda muke gani har a kasuwanninmu.

Ban faɗi wannan don in kushe su ba. Neman riba ba laifi ba ne, kuma a cikin finafinan akwai masu kyau ƙwarai. Na faɗa ne don mu san cewa idan muka ce wannan ai na san shi tun ina yaro, ba shi da matsala, to, mun faɗi abin da mai tallar yake so mu faɗa. Sunan ne muka sani, fim ɗin sabo ne.

Abin da Zane Ke Ɗauka, Jiki Ba Ya Ɗauka

Wannan shi ne gundarin maganata. A katun, a jefo wa kyanwa guduma a ka, ta baje kamar waina, bayan daƙiƙa biyu ta miƙe ta ci gaba da gudu. Yaro ɗan shekara 4 ma ya san wasa ne, domin zanen da kansa yana gaya masa cewa ba a wannan duniyar ake ba. Amma a ce kyanwa ta gaske ce mai gashi da ido, dariyar nan take za ta koma tausayi. Shi ya sa da aka zo yin fim ɗin Tom and Jerry a 2021, aka sa mutane na gaske a cikin wani otal a birnin New York, amma aka bar kyanwar da ɓeran da kamanninsu na zane. Masu fim ɗin sun san cewa idan aka ba su jiki, abin ya tashi daga barkwanci.

Haka abin yake a ɓangaren tsoro. Damisar The Jungle Book na 1967 zane ce mai magana cikin isa da ƙasaita. Ta 2016 kuwa kana iya ƙirga gashin bakinta, ga tabon ƙuna a fuska, idan ta yi tsalle sai babba ma ya ja da baya. A Amurka, katun na 1967 an ba shi shaidar kowa ya kalla, amma fim na 2016 an ce sai da kulawar iyaye. Haka aka yi wa The Lion King na 1994 da na 2019. Labari ɗaya, suna ɗaya, amma nauyinsa a zuciyar yaro ya bambanta.

Abin mamaki kuma, yawancin abin da muke ɗauka na gaske ne a waɗannan finafinai ba na gaske ba ne. The Jungle Book na 2016 a cikin wani babban ɗaki aka ɗauke shi a birnin Los Angeles. Yaron da ya fito a matsayin Mowgli, Neel Sethi, yana wasa ne a gaban shuɗin labule, masu riƙe da 'yan tsana suna tsaya masa a madadin dabbobin, daga baya kwamfuta ta cike dajin da namun da ke cikinsa. Wannan aiki ya ci lambar Oscar. The Lion King na 2019 kuwa babu zaki ko ɗaya da aka ɗauka da kyamara, darakta Jon Favreau ya ce hoto ɗaya tak na gaske ya saka, wato fitowar rana a farkon fim. Kuma a nan aka ga iyakar dabarar, domin masu kallo da yawa sun koka cewa zakin da ya yi kama da na daji ba ya iya nuna baƙin ciki a fuska kamar na zane. Garin neman gira aka so a rasa ido.

Wani masanin Japan, Masahiro Mori, ya bayyana tun 1970 cewa idan abin da aka ƙera ya kusa zama kamar mai rai amma bai ƙarasa ba, sai ya fi ba mutum ƙyama a kan wanda bai yi kama ba sam. An ga zahirin wannan a 2019, lokacin da aka fitar da tallar fim ɗin Sonic, wanda asalinsa wasan kwamfuta ne. An yi masa haƙora da ƙafafu irin na mutum, jama'a suka yi ca, har kamfanin ya ɗage fitowar fim ɗin daga Nuwamba 2019 zuwa Fabrairu 2020 don a sake masa kamanni. Ashe mai kallo yana da murya idan ya yi amfani da ita.

Tasirin kuma ba ya tsayawa a ɗakin kallo. Bayan fitowar 101 Dalmatians a 1996, gidajen kula da dabbobi a Amurka sun riƙa kokawa kan yawan irin wannan kare mai ɗigo-ɗigo da ake kawo musu. Yara sun gani a fim sun matsa, iyaye sun saya, da ɗan kwikwiyo ya girma aka ga ɗawainiyarsa ta fi ƙarfin gida. Idan fim zai iya sa iyali su sayi kare, zai iya sa yaro ya sayi ɗabi'a.

Yadda Suke Nuna Mutane da Ƙasashe

Finafinan kasada sai da wata ƙasa mai nisa da za a je, kuma sau da yawa ƙasar tamu ce ko ta irinmu. George of the Jungle shaguɓe ne ga Tarzan, wanda Edgar Rice Burroughs ya ƙirƙira a 1912 ba tare da ya taɓa taka Afirka ba. Fim na 1997 ya ɗan gyara, domin 'yan dakon da ke rakiyar Baturen su ne masu wayo, suna yi masa ba'a da Suwahili, har ya nuna musu kyamara yana zaton ba su taɓa gani ba, ashe sun fi shi sanin kanta. Duk da haka Afirkar fim ɗin daji ce, babu gari, babu makaranta. A The Lion King kuwa babu ɗan'adam ko ɗaya, ko da yake a na 2019 an ji muryar John Kani na Afirka ta Kudu da ta Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne.

Wanda ya fi burge ni a wannan fanni shi ne Dora and the Lost City of Gold na 2019. Dora yarinya ce ta katun da aka fara a shekarar 2000 don ƙananan yara. Masu fim ɗin suka girmar da ita ta zama 'yar sakandare, suka kai labarin ƙasar Peru, suka nemo malamin jami'a masanin harshen Kecuwa, harshen daular Inka, ya duba musu abin da za a faɗa da shi. A ƙarshen labarin ma dukiyar ba a kwaso ta an kai Turai ba, an bar wa masu ita. Wannan ya nuna ana iya yin fim na nishaɗi ba tare da an mayar da mutanen wata ƙasa kayan ado ba.

Sai Aladdin, wanda mu a nan muka san danginsa ta hanyar Dare Dubu da Ɗaya. Wani mutumin Halab mai suna Hanna Diyab ne ya ba Bafaranshe Antoine Galland labarin a birnin Paris a 1709. Daga bakin mutum ya shiga littafi, daga littafi ya zama katun a 1992, daga katun ya zama fim a 2019 wanda aka ɗauki wani sashensa a hamadar Jodan. Labarin da aka bayar da baki a zaune, bayan shekara 310, ya kawo wa wani kamfani dala biliyan guda. Ina so mu riƙe wannan.

To, Ina Namu?

Duk finafinan da na lissafa sun bi matakala guda: labari, sannan zane, sannan yara su tashi da shi, sannan fim. Mu muna da matakin farko a yalwace. Muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da Ɓotorami da Dodo, muna da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam. A ɓangaren fim ma ba a bar mu a baya ba, an yi Shaihu Umar a 1976, kuma tun daga Turmin Danya a 1990 finafinan bidiyo na Hausa suka zama babbar sana'a. Matakin tsakiya ne ya yi mana ƙaranci, wato zane mai motsi na yara.

Kuma ba a ce ba a taɓa gwadawa ba. A Jamhuriyar Nijar, marigayi Moustapha Alassane, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa, ya yi katun tun a shekarun 1960. A Bon Voyage Sim na 1966 kwaɗi ya zana, yana yi wa tafiye-tafiyen shugabanni shaguɓe. Ya rasu a 2015. A Abuja, Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino don yara. A 2024 kamfanin Disney da kansa ya haɗa hannu da matasan kamfanin Kugali suka fitar da Iwájú, wanda labarinsa ke faruwa a Legas. Hanya dai an share ta, masu bi ne suka yi kaɗan.

Ga wata tambaya da nake son ɗalibanmu na yanzu su kwana da ita. Idan za a yi fim ɗin Gizo, yaya za a nuna shi? A tatsuniya yana da gona, yana da mata, yana zuwa fada, yana magana da tsamin baki, kuma babu wanda ya taɓa tsayar da kaka ya tambaye ta ƙafafunsa nawa. Kowane yaro da irin Gizon da yake gani a cikin kansa. Ran da aka zana shi, an tsayar masa da kama ɗaya. Ran da aka sa mutum ya taka rawarsa, dole a zaɓa: mutum ne mai wayo, ko ƙwaro mai ƙafa 8? Matsalar da ta sha kan masu Popeye da masu Sonic ke nan. Wani zai amsa wannan tambaya wata rana, kuma amsar da ya bayar ita jikokinmu za su ɗauka. Ni dai na fi son mai amsawar ya zama wanda ya ji tatsuniyar da Hausa.

Shawarwari

Ga iyaye, mu daina miƙa wa yaro fim don kawai sunansa ya yi mana daɗin ji. Mu duba shaidar shekarun da aka rubuta a kansa, mu zauna mu kalla tare ko da rabin sa'a ne, bayan an gama mu tambaye shi wane ne ya yi daidai a labarin, kuma don me. Hukumar tace finafinai ta ƙasa tana nan tun 1993, amma abin da ke shigowa ta wayar hannu ba ya bi ta ofishin kowa.

Ga ƙungiyarmu kuma, ina da roƙo guda biyu, kuma ba masu tsada ba ne. Na farko, mu sa gasa duk shekara a wannan makaranta, ɗalibi ya ɗauki tatsuniya ɗaya ya zana ta a hoto 12, wadda ta yi nasara ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta ta gabatar da ita a ranar taronmu. Ta haka yaran za su bi matakalar nan da kansu, daga baki zuwa zane, daga zane zuwa mutum. Na biyu, kowannenmu da ke da tsohuwa ko tsoho a gida ya ɗauki muryarsu a waya suna ba da tatsuniya, mu tara a ɗakin karatu na makaranta. Kuɗin fenti ɗaya daga cikin ajujuwan da muke gyarawa ya isa ya ɗauki nauyin gasar, ina kuma roƙon kwamitin ilimi ya sa maganar a cikin ajandar zamansa na gaba.

Malamanmu na Hausa da na zane-zane, ku kuka fara koya mana cewa labari abu ne da ake yi wa aiki. Muna roƙon ku zama alƙalan wannan gasa. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga cikin malamai da 'yan ajinmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.